Mayafin Hajiya a Lima

Peckham, daren Lahadi, 1996

Mun dawo daga birnin Lima lafiya, alhamdu lillahi. Na tafi taron likitocin nan da Hajiyarmu ne don kada in bar ta ita kaɗai a gida. Tun rasuwar Baba ba ta magana, abinci ma sai na yi da gaske.

Ranar ƙarshe muka shiga gidan tarihi. Sai ga busasshiyar gawar wata mata a zaune cikin gilashi, mutane na ta ɗaukar hoto. Kafin in ankara Hajiya ta cire mayafinta ta lulluɓe gilashin. Ta ce, "Baiwar Allahn nan ba ta da dangi ne?" Da na hango mai gadi gabana ya faɗi, na ce yau sai ofishin 'yan sanda. Mutumin ya dube ta, ya cire hularsa, ya jira har ta gama addu'a.

A mota ta yi kukan da ta kasa yi tun ranar da aka bugo mana waya daga Kano da labarin rasuwar Baba.

Ɗazu ta cinye tuwonta tas, har da yi mini faɗa wai miyata ba gishiri. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba.