Abin da Inna Ta Gani a Tagata

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da duk wanda ke cin tukunyarku. Allah ya ƙara miki lafiyar ido tunda da shi kike neman abinci, ya raba ki da ciwon bayan nan na masu wuni gaban kwamfuta, ya sa nisan da kika yi ya zama alheri gare mu baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Inna jiki da sauƙi, tana cin abinci, tana shan maganinta, bakin nan kuma yana nan yadda kika bar shi. Ƙafar ce dai har yanzu, daga gado sai kujerar bakin taga, shi ma sai da sanda. Matata ta warke daga murar da ta kwantar da ita. Yaya Malam kuma an ƙara masa girma a makarantarsu, yanzu sai ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya amsa gaisuwa. Kasuwa ba yabo ba fallasa, takalmi dai ba ya ruɓewa, mun gode Allah.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da wayarsa ba ta hutawa. Dalili biyu ne. A waya ba kya barina in kai aya sai kin fashe da dariya, saƙon waya kuma yatsa ɗaya ne tsakaninsa da faɗawa hannun Yaya. Wannan magana tawa ce da ke.

A kan manhajar nan ce da kika haɗa wa Inna kafin ki koma. Ba na raina aikinki, kowa ya gani ya yaba. Fuskoki uku a waya, ta Yaya a sama, tawa a tsakiya, taki a ƙasa, tsohuwa ta danna wadda take so, sabon bidiyon gidan ya fito, ba rubutu ba neman komai. Mu kuma namu kawai mu liƙa adireshin bidiyo a wurin da kika nuna mana. Na san za ki ce jerin haihuwa kika bi wajen jera fuskokin, ban ce komai ba. Amma ke ma kin san kayan da aka ajiye a bakin shago su ake fara taɓawa.

To, mako uku cur, in Inna ta danna fuskar Yaya sai ga 'yan biyunsa fes, suna karatu, suna wanke wa uwarsu kwano, suna ɗaga hannu suna gaishe da kaka. In ta danna tawa sai baƙin akwati da ɗan rubutun Turanci a tsakiya. Har ta sa masa suna, wai ƙofar gidan Mai Takalmi da ba a buɗewa. Ga shi bidiyon da na saka ba na wasa ba ne. Takwararta ce, 'yata da na sa wa sunanta, ranar da ta karɓi kyautar karatu a gaban makaranta. Rabin wuni na rufe shago saboda shi, a ranar da aka fi ciniki, na tsaya a rana hannuna sama har kafaɗata ta sage. Duk zuwan da zan yi kuwa sai in tarar da labarin 'yan biyu, wannan ta fi waccan wayo, waccan ta ɗauko hancin marigayi Baba. Ina zaune ina cewa masha Allah, iyakar baki. Yaya kuma, da fuskar nan tasa ta taimako, ya ce in turo masa bidiyon ya ɗora a shafinsa don Inna ta samu ta gani. Ki ji fa. 'Yata ta fito ƙarƙashin fuskarsa! Na ce masa ya bari kawai, na gode.

Ba zan ɓoye miki ba, ke na zarga. Na ce a raina ai a gidan Yaya kika zauna duk shekarun jami'a, matarsa ce ta riƙa ajiye miki abinci a kula, ba abin mamaki ba ne in kin buɗe masa hanya kin bar tawa da 'yar tsakuwa a ciki. Har matata na gaya wa haka, ta ce in ji tsoron Allah. Ban ji ba a lokacin.

Da abin ya ishe ni sai na karɓi wayar Inna da sunan zan sake mata gilashin kariya, na kai wa Injiniya, mai gyaran wayar nan da ke shago na uku daga nawa, wanda teburinsa cike yake da gawarwakin wayoyi. Ya juya ta, ya danna fuskar Yaya, ya danna tawa, ya kwafi adireshin bidiyona ya buɗe a kwamfutarsa. Sannan ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce manhajarki ba ta ajiye bidiyo a cikinta, 'yar taga ce kika yanka mai leƙa intanet, bidiyon yana can gidansa, aronsa kawai ake yi a nuna ta tagar. Ya ce tagar lafiyarta ƙalau, duk izinin da take bukata kin ba ta, shaida kuwa ga na Yaya yana fitowa. Gidan bidiyon ne ya ƙi ba da aro, domin mai kayan ya ce kada a nuna su ko'ina sai a shafinsa. Na buga tebur na ce wane marar mutunci ne ya faɗi haka. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya tambaye ni ko na tuna bara, da na zo masa a fusace cewa Dogo, maƙwabcin shagona, yana kwashe bidiyon tallata yana liƙawa a nasa shafin da lambar wayarsa a ƙasa. Ya ce shi da hannunsa ya sa mini wannan kwaɗo, ni kuma ina tsaye a kansa ina cewa ya ƙara matsewa, har da duk wanda zan ɗora nan gaba. Auta, mutumin nan ya yi dariya har sai da ya ajiye ƙarfen dalmarsa don kada ya ƙone. Wani ɗan akwati ne ƙarami a shafina, ya danna shi sau ɗaya. Na taɓa fuskata a wayar Inna, sai ga Takwara da farin hijabinta tana hawa dandamali.

Don haka ina ba ki haƙuri. Rabi dai, domin sauran rabin yana gaba.

Na kai wa Inna wayar da hannuna, na zauna gefen gado. Ta kalla, ta share ido da bakin mayafi, ta ce yarinyar nan tafiyarta sak tata lokacin da take da ƙafa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na tashi na koma shago tun bidiyon bai ƙare ba, ina tafe ina gaishe da mutanen da ban sani ba. Abin da ba wanda ya gaya mini, ke ma ba ki gaya mini ba, shi ne in bidiyo ya ƙare, gidan nan ba ya barin tagar haka nan. Sai ya cika ta da ƙananan hotunan sauran bidiyon mai shafin. Kin san hannun Inna yana rawa, inda ya sauka nan ya danna. Haka tsohuwa ta tsinci kanta a cikin shagona.

Bidiyon talla sun fi sittin a shafin. A cikinsu akwai na wani takalmi mai taushi na tsofaffi. Na ɗaga shi, na lanƙwasa, na shinshina, na dafa ƙirji na ce mahaifiyata da ta haife ni shi take sawa, tun da na kai mata ta jingine sanda, yanzu sai an bi ta gidajen maƙwabta ana nema. Ke kin san maganar kasuwa. Dogo ma kakarsa da ta rasu shekara goma har yau tana sa takalminsa tana hawa bene. Ba wanda ke riƙe irin wannan a ransa, mai saye ma ya san gishiri ne. Ban taɓa kawowa a raina cewa wadda ake magana a kanta za ta zauna a kujerar bakin taga ta saurara ba.

Washegari na shiga da sallamata a sake, na tarar da Yaya a kan darduma yana ɓare mata lemo. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta amsa gaisuwata da fara'a, ta ɗauko waya, ta ƙure sauti, ta kunna mana. Muka zauna mu uku muna jin ni ina rantsuwa. Da ya ƙare ta ce ashe ina da wata uwa a kasuwa ba ta da labari. Ta ce in gaishe mata ita da kyau, ta yi murna ƙwarai da wata ta samu ƙafa, kuma in tambayar mata ko ita ma sai da ta sha fama da haƙoraina. Ni da nake sayar wa mai ƙafa arba'in da huɗu takalmi arba'in da uku ya tafi yana godiya, sai ga ni ina cewa to, za ta ji. Yaya bai yi dariya ba. Ya dubi tsohon silifas ɗin da ke gindin gado, wanda shi ya saya mata tun kafin ciwon, ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da ɓare lemonsa. Da ya yi dariya da na samu abin riƙewa a kansa. Mutumin nan ko cin fuska sai ya yi shi da ladabi.

Na koma wa Injiniya na ce ya toshe mini wannan ɓaraka. Ya ce akwai ɗan abin da ake ƙarawa a wutsiyar adireshi, amma iyakarsa ya hana bidiyon wasu mutane, na mai shafin dai za su ci gaba da fitowa, wato ciwona ke nan daidai. Ya ce gyaran gaske yana hannunki, ki sa manhajar ta rufe tagar da zarar bidiyo ya ƙare ta koma kan fuskoki ukun. Ko kuma ni in goge tallar. Da niyyar roƙonki wannan na sayi takarda da ambulan.

Amma kwana huɗu takardar tana cikin aljihuna, abubuwa sun sake. Matata, da ke kai wa Inna abincin rana, ta ce yanzu tsohuwar fuskata take fara dannawa. Tana barin Takwara ta gama, sannan ta shiga shago. Ta kalli sittin ɗin nan kaf, wasu sau uku. Jiya Inna ta ce mini ina yawan rantsuwa, mai kaya mai kyau sau ɗaya yake rantsewa, kuma in daina tsayawa ina tare hasken ƙofa. Ta ce bakin nan a wurinta na sha shi, Yaya kuwa na Baba ya ɗauko. A gabansa ta faɗa! Sai dai ta ƙara da cewa a mako ɗaya ta gan ni a waya fiye da yadda ta gan ni a ɗakinta shekara guda. Wannan na haɗiye shi, gaskiya ce. To kin ga Yaya ya fara cewa zai rubuto miki a cire wa Inna tarkacen talla don kada su dame ta. Tausayin Inna ne ko kuwa 'yan biyu ne suka rasa mai kallo, ke ma ki auna. Ni dai roƙona ya juye: kada ki taɓa tagar nan. Ki bar ta yadda take. In ya yi miki magana ki ce aikin yana da wuya, ai ba zai gane ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi nauyi. Shekaranjiya na ɗauki takalmin nan mai taushi, ƙafa shida, lamba daban-daban, na zuba a buhu na kai wa Inna. Tana ganina ta janye ƙafafunta ta lulluɓe da zane, silifas ɗin ma ta sa an tura can ƙarƙashin gado. Ta ce mutumin da yake faɗa wa duniya cewa daga bakin ƙofa yake gane lambar ƙafar baƙo, bai kamata ya zo wa uwarsa da buhu ba. Ta ce in koma in kawo ɗaya tak. In ya yi mata za ta sa, har ta yarda in ɗauke ta bidiyo da shi a ƙafa, da sandarta a hannu, don a gyara maganar. In bai yi ba, in kai wa waccan uwar tawa. Shekara ashirin da biyu ina durƙusawa gaban ƙafafun mutanen da ban san sunansu ba, Auta, ban san ta Inna ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce masa ina nan ina ajiye masa irin wanda ya yaba. Ki gaishe da surukarki da jiki, da ƙanwar mijinki mai ɗinki, da maƙwabciyarki da ta riƙe ki kamar 'ya. Matata tana gaishe ki, Takwara ta ce a tuna miki alkawarin jaka. Goggo ta ce kin manta da ita. Yaya ma da ya san ina rubutu da ya ce a gaishe ki.

Ke ce kika riƙa wanke wa Inna ƙafa kina shafa mata mai duk zaman da kika yi, kin san yadda take kumbura da yamma. Ki turo mini lambar a waya, lambar kaɗai ba tare da wani bayani ba. In ba ki tuna ba ki yi tunani da kyau, ina iya jira. Amma don girman Allah kada ki tambayi Yaya. Na san ya sani.

Wassalam. Naki har kullum,
Yayanki, Mai Takalmi