Yadda Manhajarku Ta Mayar Da Haliru Biyu Haliru Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Ofishin Kula da Ingancin Karatu na kwalejinmu da ke Samaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari, ina neman izini in taya ka murna. Manhajar da ofishinka ya kawo domin tattara bayanan malamai, kafin zuwan baƙin da ke tantance kwasa-kwasai, ta yi abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar Zazzau: ta narka dattawa biyu masu furfura, ta zuba su a riga ɗaya.

Na farko. Sunana Haliru Dauda Bomo, ina koyar da waƙa a Sashen Adabi. Abokin aikina mai koyar da wasan kwaikwayo shi ne Haliru Dauda Shika. Ba uwa ɗaya, ba uba ɗaya. Tun a firamare ake liƙa wa irinmu sunan gari don a rarrabe. Manhajarku kuwa gurbi biyu ta tanada, na sunanka da na mahaifinka. Gari bai sami masauki ba. Sai ta nemi ranar haihuwa. Ranka ya daɗe, ka sani duk ɗan ƙauyen da ba a rubuta haihuwarsa ba, in ya je kotu rantsuwar shekaru, ɗaya ga Janairu ake ba shi. Mu kuma har shekarar ta zo ɗaya. Nan take manhaja ta yanke hukuncin mutum guda ne aka shigar sau biyu, ta haɗe mu ba tare da ta tambayi kowa ba, ta nuna koren tambari na nasara.

Yanzu sashenmu na da wani gwarzon Haliru mai digirin digirgir biyu, wanda ke koyarwa a ɗakuna biyu a lokaci guda. Ban iya barinsa ba baiti ba:

Uwa daban ta haife mu, gari daban ya raine mu,
Allo guda ya dube mu, da ƙiftawa ya haɗe mu,
In na Shika ya yi tari, a Bomo za a gaishe mu.

Na biyu. Na nemi inda ake warware kuskure, ban ga ko alamarsa ba. A ofishinka aka ce kwamfutata ce ta tsufa. Na hau mota har unguwar 'yan kasuwa ta PZ, na sake shigar da kaina a shagon masu sababbin kwamfutoci. Manhaja ta sake haɗiye ni, ta kuma gode mini da haƙuri. Shafin koke ma sai ka shiga da sunanka, kuma da na shiga sai ta kori na Shika waje. Kullum da safe yanzu waya muke yi wa juna, mu shirya wanda zai zama Haliru yau.

Na uku. Na ji ka shaida wa taron malamai cewa an auna sauƙin amfani da manhajar, kuma kowa ya gamsu. Ni shaida ne. Kafin ta bar mutum ya fita, sai ta jera masa fuskoki uku ya zaɓa: mai murmushi, mai dariya, da mai ƙyaƙyatawa. Na zaɓi murmushi domin shi ne mafi kusa da kuka, aka lissafa ni cikin masu farin ciki. Waɗanda aka gwada ta da su tun farko kuwa matasan ofishinka ne, haihuwar asibiti, kowa da takardarsa.

Na huɗu, a nan zan ajiye raha. Manyan malaman sashenmu daidai suke da adadin da masu tantancewa ke nema, babu ƙari ko ɗaya. Da aka haɗe mu, mun gaza. In baƙin nan suka yi hukunci da abin da allo ya nuna musu, za a janye amincewa da kwas ɗinmu. Jiya Rifkatu, ɗalibata ta ajin ƙarshe, wadda mahaifinta ke noma citta don karatunta, ta tambaye ni ko za a kira su hidimar ƙasa. Tana fita na zauna rubuta maka wannan takarda.

Don haka ina roƙo. A buɗe gurbi na uku ga sunan gari. A koya wa manhaja ta yi tambaya kafin ta haɗa bayin Allah. A zaunar da wanda ya ƙera ta a gefenmu, ya naɗe hannu ya kalli yadda muke fama. Kuma a raba mu kafin baƙi su iso, ba bayan sun tafi ba.

In ba zai yiwu ba, a sanar da mu a rubuce wanda zai tsaya gabansu a cikinmu, da wanda zai ɓuya a bayan allo.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya tsare ka da takwara mai ranar haihuwa irin taka.

Wassalam, daga mai biyayya,
Haliru Dauda Bomo.
Na Shika yana gaishe ka, in har akwai shi.