Albasar da ke Kan Ruwa

Gaya, ranar Litinin

Ɗana Yazidu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya, kai da matarka Nuriya da jaririnku. Direban bas na ba wannan takarda, don ba na son maganar ta bi ta wayar kamfani.

Darakta ya aiko cewa ƙarshen wata zai rufe depon albasa na Gaya. Wai ya tambayi na'urar nan taku mai ba da amsa, ta ce mu ne na ƙarshe a ciniki. Ni da nake riƙe da depon nan, buhu ba ya kwana biyu a hannuna. 'Yan dako da mata masu tsintar albasa duk ni suke kallo, na rasa bakin gaya musu. Kai ne a biron masu ordinata, ofishin kwamfutar kamfani, don Allah ka duba ƙaryar da ta yi mana.

Gwaggonka,
Ajuma

Yamai, ranar Laraba

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya. Na'urar ba ta ganin depo. Kayan aiki gare ta da take kira su ɗebo mata bayani, kowanne da ɗan rubutu a kansa mai faɗin amfaninsa. Da rubutun nan take zaɓa, kamar baƙon kasuwa mai bin allunan shaguna. Aikina shi ne in yi ta yi mata tambayoyi, in ga ko rubutun yana kai ta inda ya dace.

Na tambaye ta cinikin Gaya ta kowace fuska. Kullum wanda aka rubuta wa "duk cinikin da aka yi" take kira. Akwai na biyu mai "kayan da ke jira", ko kallonsa ba ta yi. Da na buɗe shi da kaina sai ga albasarku jibge, har da ta bara. Me take jira, Gwaggo?

Ɗanki,
Yazidu

Gaya, ranar Jumma'a

Yazidu,

Ina gaisuwa. Jiran me? An cinye ta tuni a miyar Kwatano. Boko ya mantar da kai gida. Tun da aka rufe gadar iyaka, masu saye na Malanbil da ke ƙetaren kogi ta kwale-kwale suke karɓar kaya, kuma ka san mu nan bakin kogi ba a cewa an sayar kaya suna kan ruwa. Mugun baki ne, ba a yi, kada su nutse. Shi ya sa Jibo magatakarda yake sa su a "jira" har mai saye ya bugo ya ce sun sauka. In ya bugo sai mu yi hamdala mu kama wani lodin. Wa ke da sukunin komawa ya gyara?

Maza ka gyara mata allon, wata ya kusa mutuwa.

Ajuma

Yamai, ranar Lahadi

Gwaggo,

Barka da war haka. Na gwada a gefe, inda darakta ba ya gani. Layi ɗaya na ƙara a rubutun na biyun: "A Gaya, kayan da suka haye kogi suna nan, kuma an sayar da su." Nan take ta fara kiran kayan aikin duka biyu, Gaya ta koma ta farko.

Amma hankalina a tashe yake. Na biyun yana fito da sunan mai kwale-kwale a kan kowane lodi. Kin san tun da wani kwale-kwale ya kife bara darakta ya hana ƙetarar da kayan kamfani ta ruwa, ya rantse gaban jama'a duk mai riƙe da depo da ya yi, a bakin aikinsa. Na nemi yadda zan ɓoye sunayen, ba ni da ikon taɓa wurin, rubutun kawai aka ba ni. In na bar shi yadda yake, za a rufe depo. In na gyara, ke za ta nuna. Ke kika riƙe ni har na gama karatun lakkwal, Gwaggo, hannuna ya ƙi. Ki faɗa mini abin da zan yi.

Ɗanki mai biyayya,
Yazidu

Gaya, ranar Talata

Ɗana,

Na gaishe ka. Na karanta, na fita na tsaya ina kallon Bibata, ɗaya daga cikin matan depo, tana tsintar albasa da goyo a bayanta. Tsoro nake ji ƙwarai, ban san inda mace mai shekaruna za ta nemi aiki ba. Amma da na bi dokarsa, da albasar ta ruɓe mana a rumfa, su Bibata kuma da sun daɗe a gida ba aiki. Ka sa layin nan yau, kada ka rage ko harafi.

Allah ya yi maka albarka.
Ajuma

Gaya, ranar ɗaya ga wata

Yazidu,

Gaisuwa gare ku duka. Depo na nan, ba a sallami ɗan dako ko ɗaya ba. Darakta ya ga amsar na'ura, ya ce ashe kwale-kwale na da riba, a ci gaba da shi. Ni kaɗai ce ya sallama, ya ce ba zai iya barina ba, tun da ya riga ya rantse. Jiya na miƙa wa Jibo makulli.

Kada ka saka wa ranka damuwa. Ka shafa mini kan jariri.

Gwaggonka,
Ajuma