Sai Tsohuwa Ta Zubar da Baƙa

Plaun, 16 ga Mayu, 1988

Zuwa ga Curdin, shugaban hanyar Mashigar Valmera.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Na sa maka muƙaminka a sama don kada ka ce ban san girman ofis ba. Ubanka ne, Jachen, in ba ka manta da rubutun ba. Kada ka neme ni a waya, ka san nakiyar fasa dutse ta cinye mini kunne.

Bayan haka, shekara uku ke nan ban ce maka uffan ba, tun ranar da kuka sallame ni da agogon bango, ka miƙe gaban jama'a ka ce zamanin kallon sama ya wuce. Agogon yana nan cikin kwalinsa. Ba don shi na ɗauki alƙalami ba.

Na gani a jarida wai ranar Lahadi, ashirin da tara ga wata, za ka ɗage shingen hanya ka saki masu keke ɗari uku su hau mashigar nan ta kan duwatsu kafin motoci. Tambaya ɗaya gare ni. Tsohuwa ta zubo?

Ka san wadda nake nufi, kwazazzabon da ke saman kwanar hanya ta goma sha ɗaya. Shekara arba'in da ɗaya ina aikin hanyar nan, ban taɓa cire kwaɗon shingen ba sai ta gama juye ƙanƙarar da ta tara. Mota kan wuce ƙarƙashinta kafin ƙiftawar ido. Mai keke fa? Nan hawan ya fi tsauri, rarrafe yake yi, harshe waje. Kuma na san halinsu, nan suke sauka su jingina kekuna a bangon ƙanƙara suna ɗaukar hoto, daidai hantsi, lokacin da rana ta fara dukan kanta.

Ka ba ni amsa. Allah ya tsare.

Ubanka,
Jachen

Sarnuz, 18 ga Mayu

Baba,

Na sami wasiƙarka, na gode. Seraina da yara suna gaishe ka.

Kwazazzabo mai lamba goma sha ɗaya ya zubo ranar tara ga wata. Kwana biyu katafila ta yi tana kwashewa. Masana sun zo daga birni sun auna, mun kuma harba nakiya uku da sassafe, babu abin da ya motsa. Takardar izini tana kan teburina da sa hannu. Ba ni na ƙirƙiro ranar keke ba. Masaukai sun cika, mutane suna zuwa daga ƙasashe uku, kuma garin nan tun kaka yake jiran hanya.

Game da agogo, na faɗi abin da na faɗa. Kai ma shekara biyar kana kirana ɗan takarda a gaban ma'aikata. Mu bar ta a nan.

Ka riƙa shan maganinka.

Ɗanka,
Curdin

Plaun, 20 ga Mayu

Curdin,

Ina gaishe ka, a shafa mini kan yara.

Mai lamba goma sha ɗaya! Tana da suna tun kakanka bai san kansa ba, kai ka zo ka maƙala mata lamba kamar saniyar da za a kai kasuwa. To na ji, ta zubo. Wace iri ta zubar? Fara ko baƙa?

Ni karatuna na hunturu ne, sauran watanni ina bayan awaki, amma ka karanta wannan a hankali. Shekarar da aka yi dusar ƙanƙara mai nauyi a Afrilu a kan tsohuwar ƙanƙara, irin ta bana, sau biyu take zubowa. Ta farko fara ce tas. Mayafinta ne kawai ta yar. Ta biyu ita ce jikinta, tana zuwa da ƙasa da duwatsu da saiwoyi, baƙa ƙirin, tana kankare dutsen har ƙashi. Wannan ba nakiya ke tada ita ba. Kun harba mata da sanyin safiya tana manne da ƙasa, ko igwa kuka kawo ba za ta kula ku ba. Iskar kudu take jira, kwana uku ko huɗu, ruwa ya shiga ƙarƙashinta, sai ta taho ba sallama.

Masananka na birni sun kwana nawa a gindinta? Wuni ɗaya, har da cin abinci.

Kuma ka sani tsohon kwaɗona yana hannuna, ba ku karɓa ba. In ka ƙi ji, zan hau motar gidan waya in zo da kujerata in zauna a tsakiyar kwanar. Sai ka sa 'yan sanda su ɗauke ubanka a gaban baƙin ƙasashe uku, a sa a jaridar.

Maganin ina sha. Ba shi ne ke damuna ba.

Jachen

Sarnuz, 23 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa daga ƙanwarka Barbla, wadda ba ka rubuta wa sai kana neman busasshen nama. Ya ƙafar?

Wasiƙarka ta hana shagon burodina sakat. Matar gidan waya ta ga rubutunka sau biyu, shi ke nan gari ya ɗauka. Ranar Asabar mai masaukin Corv ya shigo yana cewa, "Goggo, an ce Annabin Ƙanƙara zai zo da kujera? A gaya masa ya zo da biyu, sha'ir ɗin miyar mutum ɗari uku na saya, shi zai zauna ya shanye." Na ce masa, "Kai dai kula da miyarka, ko bara baƙi cokali suke tsomawa suna neman naman." Aka yi dariya, amma ni ban yi ba.

Flurin direban katafila yana nan, sai na tambaye shi launin abin da ya kwashe. Ya ce, "Fara fat, Goggo, kamar fulawarki. Ko tsakuwa ɗaya ban ji a haƙorin katafila ba."

Curdin yana tsaye bayansa. Da kowa ya fita ya zauna a kan buhu, ya ce, "Goggo, tun ina yaro yake cewa kada a yi, bai taɓa cewa don me ba. Ko mutuwar Duri abokin aikinsa, ofis ya ɗora wa, wai su suka matsa masa. To yanzu ni ne ofis. In na rufe hanya don launin ƙanƙara, me zan rubuta musu? Babana ya ce?"

Yaya, ni na ɗinka rigar baftismar yaron nan. Ni na ga wanda ya ciro makullin shinge daga ƙusa a safiyar da Duri ya mutu, kuma babu wata takarda da ta zo daga ofis. Shekara talatin da uku na riƙe bakina. Kujera ba za ta juya shi ba, kansa irin naka ne. Ka gaya masa, ko ni in gaya masa.

Tun jiya iska ta juyo daga kudu. Rufin coci sai ɗiga yake.

Ƙanwarka,
Barbla

Plaun, 25 ga Mayu

Curdin ɗana,

Ina gaishe ka. Wannan ita ce takarda ta huɗu, ukun suna cikin murhu.

Na rubuta maka cewa ban taɓa cire kwaɗo ba sai ta gama. Ƙarya na yi.

A watan da aka haife ka, mahaifiyarka tana gidan iyayenta a ƙetaren mashiga. Kwana goma sha tara da haihuwarka ban gan ka ba, hanya a rufe. Aka aiko cewa ranar Lahadi za a yi maka baftisma. Tsohuwa ta riga ta zubo, fara, mun kwashe da shebur. Duri abokin aikina ya ce, "Jachen, tsofaffi sun ce a jira baƙa." Na ce masa, "Tsofaffi ba su da ɗan da ba su gani ba. In tsoro kake ji, koma ka taya matarka tatsar nono." Haka na faɗa masa. Ya yi dariya, ya ɗauki shebur ya wuce gaba don ya nuna mini ba tsoro ba ne.

Taku arba'in ne tsakaninmu. Na tsaya gyara igiyar jakata, don rigar da Barbla ta ɗinka maka tana ciki. Lokacin kunnena garau yake, na ji ta. Da na ɗaga kai babu hanya, babu Duri. Sai cikin Yuli muka same shi.

Na ce ofis ne suka aiko a buɗe. Ba wanda ya bincika, su ma kunya ta hana su musu. Na ci gaba da zagin ofis har na fara yarda da kaina. Ranar da ka shiga ofis ɗin kuwa, sai zagin ya sami fuska. Ba laifinka ba ne.

Ban san ko za ta zubo ranar Lahadi ba. Wata shekarar takan narke a zaune ba ta motsa ba, kowa ya yi mini dariya. Sau shida aka yi haka, na ƙirga. Dariya ana jurewa. Ɗayan kuwa shekara talatin da uku ke nan ban iya ba.

Ba zan zo da kujera ba. Ga kwaɗon nan cikin ƙunshi da makullinsa. Hanya taka ce.

Allah ya yi maka jagora.

Babanka

Sarnuz, 1 ga Yuni

Baba,

Ban buɗe ba.

Masu keke sun hau har kwana ta tara suka juyo. Wani ya jefi motata da gorar ruwa. Mai masaukin Corv ba ya amsa gaisuwata, ofis kuma sun kira ni ranar Juma'a in yi bayani. Ban san abin da zan ce musu ba.

Har yanzu ba ta zubo ba. Kullum da hantsi ina tsaye a kwana ta goma ina kallonta. Akwai wani tsagi a can samanta, amma ban iya gane ko na jiya ya fi na yau ba.

Motar gidan waya tana tasowa ƙarfe bakwai. Ka zo da madubin hangen nesanka, nawa bai kai naka ba. Kujerar ma ka zo da ita.

Ɗanka,
Curdin