Jan Biro a Kan Kundin Auta

Talata

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Sallama irin ta mai kewa, da gaisuwa wadda ta fi wannan takarda faɗi. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da kwalabenki na ɗakin gwaje-gwaje. Antinki da yara suna gaishe ki.

Na ga kiranki har sau tara, ban ɗauka ba. Kin san ra'ayina: magana mai nauyi ba na ɗora ta a kan iska. Saboda haka na damƙa wa direban motar safe wannan wasiƙa.

Kundin digirinki, wanda kika aiko in gyara masa Turanci, yana kan teburina a ɗakin malamai, tsakanin kwalin alli da littattafan 'yan aji uku da na yi watsi da su dominki. Ban manta ba cewa ranar Litinin da sha biyun rana za a rufe karɓa, kuma wanda ya makara sai baɗi. Shafi talatin da tara na bi da jan biro ina cire musu ƙaya. Babin da kika bayyana yadda ake aikin shi ya fi ba ni tausayi: kalmar nan ta "wanke" kin maimaita ta a Turance sau goma sha bakwai, har kunnena ya yi tsami. Na ɗinka wa kowace tufafinta daban.

A shafi na arba'in na tsaya cak. Kin rubuta electrophoresis, wato gwajin nan naku na rarrabe jini da wutar lantarki don a gane mai sikila. Suna ne, na yarda. To ina aikataunsa? Kin kewaye shi da "mun gudanar da", kamar mai tsallake kwata. Shekara ashirin da biyu ina koya wa yara cewa kowane suna irin wannan akwai aikatau da ya haife shi. Ƙamus uku na zazzage, babu. Tun shekaranjiya ba na iya zama: in buɗe, in rufe, in zagaya teburin, in dawo. Har na ce:

Suna na zaune ya harɗe ƙafa,
Aikatau nasa ya tsere ta ƙofa,
Ni da ƙamus muna ta lalube,
Kowa na ce wa ɗan'uwa ya duba.

Kin san ƙa'idata, ba na juya shafi sai na gama da shi. Ki ƙara mini kwana biyu.

Yayanki mai ƙaunarki har kullum.

Laraba

Yaya,

Ina wuni, ina gajiya, a gaida Anti da yara. Gaisuwa ta ƙare.

Don girman Allah ka ba direba kundina gobe. Turanci na ce ka duba mini, ban ce ka yi masa kwalliya ba. A ɗakin gwajinmu babu mai neman wannan aikatau. Cewa muke "mun sa jini a na'ura", kowa ya gane, aiki ya tafi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Gyaran da Farfesa ya yi mini da fensir a gefen shafuka, a wannan kwafin kaɗai yake. Ya yi tafiya, sai ranar Litinin ɗin zai dawo. In ban shigar da gyaransa ba, ba zai sa hannu ba. Tun safe nake zarya tsakanin benci da taga, har na fasa kwalbar gwaji biyu, shugabar ɗakinmu ta ce in fita in sha iska kafin in ƙarar mata da kaya.

Kuma me kake nufi da ka ɗinka wa "wanke" tufafi? Yaya, Allah ya sa ba canja ta ka yi ba. Ka ɗauki waya mana.

Baitin ya yi daɗi. Ba shi zai sa mini hannu ba.

Ƙanwarka.

Juma'a

Zuwa ga Auta, wadda na ɓata wa rai,

Sallama da gaisuwa, daga mai sunkuyar da kai.

Wasiƙarki ta same ni, amma taurin kaina ya riga ta isowa. Jiya na ɗauki kundin na fita farauta. Mai kula da laburare ya ce in dawo wani mako. Malamin kimiyyarmu ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da shan shayinsa. Daga nan na taka zuwa asibitin da ke bayan makaranta, na nemi ɗakin gwajin jini. Na tarar da wata dattijuwar ma'aikaciya, safar roba a hannu, tana jera kwalabe. Na yi mata tambayata da dukkan ladabin da na mallaka. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Electrophorese. Akwai wani abu kuma, Malam?"

Kwana huɗu ina nema, ashe yana aljihun rigar aikinta. Kuma ga shi mummuna, kamar tsuntsun da aka fige.

Farin ciki ya sa na miƙa mata kundin don ta ga gyarana. Ta cire safa, ta karanta babin aikin, sai na ga ta sauke tabarau.

"Wa ya ce a jiƙa a nan?"

Na ce ni ne, don kada kalma ta gundure mai karatu.

"Nan kuma a ɗauraye, nan a tsoma, nan a dirje? Malam, in na dirji wannan abu, me zai rage in duba? Layukan da muke karantawa za su ɓace, sai in sallami uwa in ce ɗanta lafiya lau alhali yana da sikila. Mu in mun ce wanke sau goma sha bakwai, wanki iri ɗaya muke nufi sau goma sha bakwai. Gundurar ita ce aikin."

Auta, ɗalibai sun sha yi mini dariya a bayan ido, ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Na zauna a bencin baranda, cikin mutanen da ke danne auduga a hannu suna jiran sakamako, na ciro koren biron da na saya, na bi duk inda na taɓa na rubuta "a mayar". Ƙa'idata ta juya shafi kuwa, a bencin nan na bar ta.

Saura abin da ya fi nauyi. A wuri shida jan birona ya hau kan fensirin Farfesa. Na ɗaga shafukan a hasken taga na kwafe biyar a takarda daban, tana cikin kundin. Na shida, a shafi na talatin da ɗaya, ya gagare ni. Kalma uku ce ko huɗu, na binne su da hannuna.

Na nemi baitin da zan ba ki haƙuri da shi, ko ɗango ɗaya bai zo ba. Kundin yana hannun direba. Wayata tana kunne.

Yayanki, in har kin yarda.

Litinin

Yaya,

Ina wuni. Na miƙa kundin sha biyu saura kwata. Asabar da Lahadi a kan gyaran koren bironka na ƙare su, idona har yanzu yaji yake.

Na tare Farfesa a matakala na nuna masa shafi na talatin da ɗaya. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce shi ma bai tuna ba, amma zai tuna ranar kare kundi. Ya sa hannu. Ka ga abin da ka bar ni da shi.

Aikataunka na saka shi, da muninsa. Fushina bai huce ba, ka ba shi mako guda.

An yarda 'yan'uwa su shiga ranar karewar. Ka zo. Ka zauna a layin baya, ka kama bakinka, ko da Farfesa ya yi kuskuren Turanci.

Zai yi.

Autarka.