Tsuntsayen da Inna Take Kallo

Yaya Sani,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki da zaman baƙunta, ya su Anti Binta da yara? Mu nan Malumfashi lafiya lau, damina ta sauka, har an gama shuka.

Tun rasuwar Baba, Inna ba ta cika magana ba. Amma kyamarar tafkin nan da ka turo mini, mai nuna tsuntsayen ruwa kai tsaye, ta shiga ranta. Kullum da hantsi sai ta karɓi wayata ta zuba musu ido, mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci a kan ƙwai.

Ranar Talata ruwa ya cika ya tafi da sheƙar muna gani. Tsuntsayen suka yi ta zagaya wurin suna wani kuka mai tsawo. Inna ta ce, "Ashe su ma sun san rashi." Sai ta yi kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza. Da ta natsu, ta ce in tambaye ka yaushe za ka zo ka ga kabarin mahaifinka.

Ka sa ta a addu'a. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hadiza