Rabin Matakala

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da yara da babansu. Ya ciwon gwiwar? Ni da sauƙi, sai kewa.

Na koma aiki ranar Litinin, amma ban shiga ba. Kin san matakalar nan ta ƙofar shagon ɗinkinmu. Duk shekarun nan ban taɓa damuwa da ita ba, don Dogo ne ke ɗaukata ya hau da ni, ya dawo ya ɗauko keken guragun, sannan ya wuce garejinsu. Kullum sai ya ce, "Riƙe ni da kyau, kar ki yar da ni." Kullum sai na yi dariya kamar ban taɓa ji ba.

Ranar Litinin mai tasi ya sauke ni, na tura kekena har gindin matakalar, na tsaya. Sai a lokacin na san da gaske mijina ya rasu.

Maza biyu masu yankan yadi sun fito za su ɗauke ni. Mutanen kirki ne, amma na ce a'a. Mai shago ta ce ginin haya ne, ba ta da ikon taɓa komai. Kuma aikin kayan makaranta ya taso, in ban iya shiga ba zuwa ƙarshen wata, dole ta ba wata teburina. Ban ga laifinta sosai ba. Amma ba zan bar teburin ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana mulkinta. Allah ya jiƙan Dogo, ya sa ya huta.

Ke dai taurin kan nan naki tun kina goye! An ce za a ɗauke ki, ki bari a ɗauke ki mana. Nauyin me gare ki, ke da kazata ta fi ki tsoka? In kuma ba ki so, ki tattaro ki dawo wurina. Na kwashe buhunan albasa daga ɗakin baya, na sa an gyara ƙofar. Masu gini ba sa jin maganar irinmu. Kar ki haɗa baƙin ciki da wahala, ɗaya ma ya isa.

Ki riƙa cin abinci, na san halinki.

Yayarki

*

Zuwa ga mai ginin shagonmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka.

Ba ka san ni ba. Ni ce mai sa maɓalli da ɗinka baje, wato tambarin makaranta, a shagon kayan makaranta da ke gininka. Da keken guragu nake tafiya. Mijina ne ke ɗaukata ya shigar da ni, kuma Allah ya yi masa rasuwa.

Karatuna bai yi nisa ba, don haka zan faɗa kai tsaye. Ina roƙon a zuba siminti a yi gangare a ƙofar, mara tsauri, da ƙarfen riƙewa. Ba sadaka nake nema ba, hanyar zuwa teburina nake nema. Ba na so in zama kaya a hannun maza kullum safe da yamma, duk kirkinsu.

Kafin in ji daga gare ka, zan riƙa yin aikina a gindin matakalar. Allura da zare ba sa buƙatar rufi.

Allah ya ƙara girma.

Mai sa maɓalli

*

Malama,

Bayan gaisuwa, na samu wasiƙarki. Ina yi miki ta'aziyya, Allah ya ba da haƙuri.

Ginin nan haka aka karɓe shi haya, kuma ba wanda ya taɓa kuka da ƙofarsa. Duk da haka na sa a kawo falanki mai ƙarfi, irin wanda ake hawa da babur, a riƙa ajiyewa idan za ki shiga. Ina ganin wannan ya wadatar.

Sannan an gaya mini kina zama a bakin ƙofa kina tare hanya. Don Allah a daina.

Na gode.

Mai gini

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da shiruna, kuma ki zauna kafin ki karanta, kar ki tayar wa gwiwa hankali.

Na gwada falankin. Na kai tsakiya, tayar hagu ta zame, na kife. Gwiwar hannu ce kawai ta goge, kar ki fara. Na yi kuka, amma ba don ciwon ba.

Washegari na dawo gindin matakalar da tire a cinya. Kin san kowace riga a hannuna take ƙarewa, don haka sai an sauko mini da ita, a sake hawa da ita. Mai guga ta yi ta hawa da sauka har ta ce, "Auta, ke kina zaune kamar sarauniya, ni ƙafafuna na mutuwa!" Ta sauko da teburinta kusa da ni. Masu kalmasa suka biyo ta. Da aka yi yayyafi, leda muka lulluɓa wa rigunan, mu muka jiƙe.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba ina ciki. Wata uwa ta kawo 'yarta a keke irin nawa. Ashe duk shekara a bakin titi ake auna yarinyar, mutane na wucewa suna kallo. Uwar ta ce sun saba. Yaya, kalmar nan ta tsaya mini a rai. Ni ma sabawa na yi, don ina da Dogo.

Jiya mai gini ya zo da kansa zai kore mu. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Ranka ya daɗe, ga falankinka. Ka hau kekena ka shiga, in ka shiga na tafi gida." Bai hau ba. Ya dai taka falankin da ƙafa ɗaya, sai falankin ya lanƙwashe. Ya kalli bandejin hannuna. Sai mai shago ta fito, ta ce in ƙofar ba ta gyaru ba, in haya ta ƙare za ta nemi wani wuri. Wallahi ban san za ta faɗa ba. Ya shiga motarsa ya tafi.

Wata ya kusa ƙarewa. Ina nan dai.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki mayar da albasarki ɗakin baya.

Mai gini ya turo birkila, ya zo da guduma zai fasa matakalar gaba ɗaya. Ni da na yi ta faɗa a kanta, sai ga ni ina roƙonsa ya bar rabi. Ya ce, "Baba, ke fa kika sa aka kira ni." Na ce na sani, ka bar gefen dama, nan mijina yake takawa. Ya bari.

Siminti ya bushe. Yau na shiga da kaina, ba hannun kowa. Da na kai sama na kama ƙarfen, na juya na kalli rabin matakalar, na ce wa Dogo na riƙe da kyau.

Ki gaida yara.

Taki,
Auta